Zazzaɓin Kwamfutar Malam

Litinin, da yamma

Ta sake mutuwa. Malam ya kai "ina so ki", sai fankar cikinta ta ɗauki kuka kamar injin niƙa, allon ya yi baƙi ƙirin. Na tsaya a bayansa da kofin ruwa a hannu, ina kallon fuskokinmu biyu a cikin baƙin gilashin.

Tun ranar da aka ɗauko shi daga shagonsa na buga katuna, bakinsa bai sake haɗa kalma ba. Hannun dama da ƙafar dama su ma sun yi nasu wuri. Ba zan rubuta sunan ciwon a nan ba, na gaji da jinsa a bakin 'yan dubiya. Abin da ya rage masa yatsa ɗaya ne na hagu, da wannan tsohuwar kwamfutar da muka kwaso daga shago muka ajiye akwatinta a ƙarƙashin teburin falo. Ya danna harafi ɗaya, ya ɗaga kai ya gan shi a allo, ya huta, ya nemi na gaba. Mun gwada waya, yatsan yana danne haruffa uku a tare. Mun gwada biro, kamar kaza ta yi tono. Na rubuta masa haruffa a kwali don ya riƙa nunawa, amma in bai ga abin da ya riga ya faɗa a gabansa ba, sai zaren ya kuɓuce masa. Kwalin yana ƙarƙashin gado, inda ya wurga shi.

Shekara da shekaru mutumin nan yana cika min kunne da surutu, ina cewa Allah ya nuna min ranar da zan huta. To ga hutun ya zo.

Talata, lokacin hutun rana

Ina zaune a kan buhun kayan wanki a bayan shagon guga, ƙafafuna sun kumbura. Tun safe nake tsaye a kan rigunan mutanen da ban sani ba.

Yaya, wato yayar Malam, ita ke zama da shi da rana in na fito aiki. Ba zan ci amanarta ba, tana ƙoƙari. Ita ke yi masa wanka, ita ke shafa masa mai a gefen da ba ya motsi. Ni ina da girki da wanki da magani da guga. Amma yau da safe, ina ɗaura ɗankwali, ta ce min ta yi magana da ƙaninsu. Ranar Lahadin ƙarshen wata za su zo a zauna. Tana so ta tafi da shi gidanta, can ƙarshen gari, inda sai na hau mota biyu kafin in gan shi. Wai ba za a bar ɗan'uwanta yana kallon bango ba, matarsa tana can tana goge wuyan rigar wasu.

Na ce ai sai a ji ta bakinsa.

"Wane bakin?" in ji ta. Daga baya ta ji nauyin abin da ta faɗa, ta sassauta murya. "In yana da ta cewa, ya rubuta mu gani. Ni ba zan ja da shi ba."

Ke nan komai ya koma kan wannan akwatin ƙarfe mai zazzaɓi.

Alhamis, da sassafe

Na buɗe kwamfutar da kaina kafin Malam ya tashi. Ban sami sukundireba ba, da bakin wuƙar yanka albasa na kwance ƙusoshin. Abin da na gani a ciki sai wanda ya gani. Ƙura ta yi kauri a kan fankar kamar an shimfiɗa mata katifa. Na sa tsohon buroshin haƙori na goge, na hura da baki har kaina ya yi jiri, na yi atishawa ta fi a ƙirga. Da na mayar da murfin sai ƙusa ɗaya ta yi saura a hannuna, na duba ko'ina ban ga raminta ba. Na jefa ta cikin gwangwanin allura.

Na kunna. Ta yi ta aiki lafiya lau har na gama dafa shayi, ko tari ba ta yi ba. Na ji daɗi kamar wadda ta ci jarrabawa.

Alhamis, da yamma

Ko "ina" bai ƙarasa ba ta mutu.

Asabar, da hantsi

Na naɗe akwatin a zani na rungume shi har kasuwa, hannuwana kamar za su cire. Mai gyaran yana can layin masu wayoyi, a wani lungu da ba ya cin mutum biyu. Kowa Sai Gobe yake ce masa, har shi ma yana amsawa. Gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi, shi kuma yana tsakiya da tabarau a goshi yana cin gyaɗa.

Ya buɗe, ya ga aikina, ya tambaya wa ya taɓa ta. Na ce ni. Ya ce da wuƙa ko? Na ce da wuƙa. Ya girgiza kai ya ce ya ga alama, Allah ya sa ba da ita nake yanka wa maigida nama ba. Ban yi dariya ba, shi ma bai damu ba.

Ya yi min bayani yadda zan gane. Wai akwai wani ɗan ƙarfe a tsakiya wanda shi ne ƙwaƙwalwarta, yana ɗaukar zafi in yana aiki. Fanka tana jan iska mai sanyi ta gaba, ta fitar da mai zafi ta waɗannan ƙananan ramukan na gefe. In zafin bai sami hanyar fita ba, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Na ce ashe ta fi ni wayo. Ya ce zai sauya fankar, ya shafa wa ƙwaƙwalwar wani farin mai kamar man goge baki, don na da ya bushe.

Na ce yaushe zan dawo? Ya buɗe baki, na ce kada ya faɗa.

Litinin, da yamma

Sai gobe.

Laraba, bayan la'asar

Gidan ya yi shiru tun da aka fita da kwamfutar. Malam yana zama a kekensa na marasa lafiya gaban teburin da babu komai sai allo da kibod, lulluɓe da koren bargonsa, ko da rana ta take. Wani lokaci sai in ga yatsan yana danna haruffa, ba abin da ke fitowa.

Yau mai gashin ƙashi ta zo, wadda asibiti ke turowa tana motsa masa gaɓoɓi. Yaya ta so ta kafa hujja a gabanta. Ta durƙusa ta ce masa, za ka bi ni gidana ko? Ya gyaɗa kai. Sai matar ta ce in tambaye shi ni ma. Na ce, Malam, za ka zauna a nan? Ya gyaɗa kai. Ta ce haka ciwon yake, kai yakan ce e alhali zuciya a'a take nufi, kada mu yanke hukunci da shi. Rubutun ne abin dogaro, don yana ganin abin da ya faɗa, yana iya gogewa.

Ta tsikari tafin ƙafarsa ta dama da bakin biro, bai motsa ba. Ta ce duk ranar da ya nuna yana jin wani abu a ƙafar, zafi ko sanyi ko ƙaiƙayi, mu gaya mata. Yaya ta ce ƙafar kullum kamar an ciro ta daga randa. Ni na tafi duba tukunya.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne tsoro nake ji. "Ina so ki." Ki me? Ki bar ni in tafi? Ina ta wahalar gyara bakin da wataƙila sallamata zai yi.

Alhamis, da rana

Sai gobe. Wai fankar da aka kawo masa ba ta shiga ba.

Juma'a, da yamma

Na karɓo kwamfutar. Sai Gobe ya ce tun safe take kunne a shagonsa, ya ɗora mata aiki mai nauyi, ko gumi ba ta yi ba. Ya sa na taɓa gefenta, ɗumi kaɗan kamar goshin mai lafiya. Ya nuna min wani curin zare kore da ya zaƙulo daga ramukan gefe, ya tambaya ko saƙa muke yi a gidan. Na ce guga dai nake yi, kuma a waje. Ya ce to a bar mata fili ta sha iska, kada a jingina ta da bango, kada a ɗora mata komai.

Na dawo da ita a ka, don hannuwan sun ƙi. Wata mata a mota ta tambaye ni ko biki za a yi. Na ce e.

Da Malam ya ga na shigo da ita, ya bi ta da ido har ƙarƙashin tebur. Rabon da ya kalle ni haka na manta.

Asabar, da yamma

Na janye ta daga bango, na saki ƙyallen tebur ya rufe ta don ƙura, na tura kekensa, na gyara masa bargo a kafaɗa, na tafi ɗebo ruwa. Da na dawo ya rubuta "sanyi". Na rufe taga. Ya ci gaba da neman harafi, sai kukan nan ya tashi. Sabuwar fanka, sabon mai, tsohon hali.

Yaya ta ce ita dai ba ta san kan inji ba, amma abin da ke aiki a hannun kowa ya ƙi aiki a hannun mutum ɗaya, sai a duba ko mutumin ne ba ya son magana. Na ce mata ba haka ba ne. Ba ni da wata hujja.

Lahadi, da hantsi

Na yi dabara. Na ɗauko fankar ɗakin kwana, na kwantar da ita a ƙasa tana hura ƙarƙashin tebur, na ƙure ta. Na ce yau in ga ta inda zafi zai fito.

Ina tura kekensa wurin, iskar ta bugi ƙafafunsa, sai ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba, ya kai wa kibod duka da hannun hagu har ya faɗo ƙasa. Harafi biyu suka ɓalle. Na tsugunna ina lalubensu a ƙarƙashin kujera, na ce masa don wa nake yi? Don wa nake ɗaukar wannan ƙarfen a ka kamar mai talla? Ya juya fuska bango.

Na mayar da haruffan. Ranar bai rubuta komai ba, kwamfutar kuma ba ta mutu ba. An yi ba a yi ba.

Talata, lokacin hutun rana

Na ƙona rigar wani. Farar riga, a daidai aljihu, shatin dutsen guga ya fito ɓaro-ɓaro. Mai shagon ba ta yi faɗa ba, ta ce in je in wanke fuskata. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da safe na ga jakar Malam ta tafiya a bayan ƙofa, Yaya ta sauko da ita daga kan kabad. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ninke masa riguna huɗu da hular da yake so. Ni na goge su, ita ta ninke.

Laraba, da yamma

Kwamfutar ta mutu. Na kira Sai Gobe, ya rantse lafiyarta ƙalau, ya ce sai dai in gidanmu ne ke da zazzaɓin.

Alhamis, da safe

Ban kunna ta ba. Ban iya ba.

Asabar, bayan la'asar

Gobe za su zo. Yaya ta tafi gida da wuri don ta share masa ɗaki.

Na kunna, na tura shi gaban tebur, na tafi ɗebo ruwa kamar kullum. Kullum in na dawo a bayansa nake tsayawa, idona a kan allo. Yau ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, sai na zube a ƙasa gefen teburin, na jingina da kujera. Daga nan ƙyallen tebur bai rufe komai ba.

Ƙafar damansa tana manne da gefen akwatin, daidai kan ramukan iska. Ba da kanta ta je ba, na ga yadda wandon ya tattare a gwiwa inda ya kama ya ja ta da hannun hagu. Ya kuma jawo koren bargon ya lulluɓe su tare, ƙafar da akwatin, ya cusa bakinsa ta ƙasa yadda iska ba za ta fita ba. Kamar uwa da jariri. A ciki fankar ta fara haki.

Ashe shi ke shaƙe ta. Koren zaren da Sai Gobe ya nuna min, da fankar da na sa masa a ƙafa, duk suka dawo min a lokaci ɗaya.

Na ɗaga bargon. Fatar ƙaurinsa ta yi ja, shatin ramukan ya fito a jiki. Na ɗaga kai, yana kallona kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Na ce, "Malam, kana jin ɗumin nan?"

Bai gyaɗa kai ba. Ya nemi haruffa, na miƙa wuya na ga allon. "e."

Rabon da in taɓa ƙafar nan tun muna asibiti. Na janye ta daga jikin akwatin, tana da nauyi kamar ba ta mutum ba, gefe ɗaya zafi, sauran sanyi ƙalau. Na rasa inda zan ajiye ta, sai na ɗora a cinyata. Hannuwana ba su huce daga guga ba, ba sa hucewa yanzu. Na riƙe tafin ƙafar da su, na rufa mana bargon.

Kukan fankar ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya koma kamar numfashin mai barci. Daga inda nake ba na ganin allo, sai ƙarar harafi ɗaya, shiru, wani harafin. Na daɗe a haka har ƙafata ta yi sanyi ita ma. Da ya daina, na ce in duba? Ya buga tebur da yatsa.

"ina so ki zauna"

Ban san ko nan ya so ya tsaya ba. Ban tambaya ba. Na koma na zauna, na yi kukan da ban yi ba a asibiti, shi kuma yana ta danna wani harafi ɗaya har ya cika layi.

Lahadi, da yamma

Sun zo da hantsi, Yaya da ƙaninsu. Jakar tana bakin ƙofa. Aka gaisa, aka sha ruwa, ƙanin ya fara dogon bayani a kan zumunci da haƙƙin ɗan'uwa, yana yi yana kallon agogo.

Na tura Malam gaban tebur, na kunna. Sannan na naɗe ƙyallen, na zauna a ƙasa a gaban mutane, na ɗauki ƙafar na ɗora a cinya. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Yaya ta ce me ye haka? Na ce gyaran kwamfuta ne.

Ya ɗauki lokaci. Ƙanin ya fita amsa waya ya dawo, Malam bai gama ba. Ni ba na ganin komai sai gwiwoyin mutane, ina sauraron fanka kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ba ta ɗaga murya ba. Yaya ce ta tsaya a bayansa inda na saba tsayawa, ita ta karanta a fili, kalma kalma, yadda suke fitowa.

"yaya na gode. a nan ƙafata take ji."

Ta ce, take ji? Ta sunkuyo ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta kalle ni, ta kalli jan shatin da ke ƙaurinsa. Wata uku tana shafa wa ƙafar nan mai, ta fi kowa sanin abin da kalmar take nufi. Ta dafa kafaɗarsa.

Yatsan bai gama ba. Muka sake jira. Yaya ta karanta, sai dariya ta ƙwace mata a tsakiyar hawaye.

"hannunta kamar dutsen guga. ga zafi ga kaushi."

Na ce a gaya masa in bai so ba akwai fanka. Ƙanin ya yi gyaran murya ya ce to, tun da mai abu ya yi magana. Yaya ta je bakin ƙofa ta buɗe jakar, ta fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya ta mayar kabad. Da za ta tafi ta ce min gobe za ta zo da robar ruwan zafi, don da rana ba ni nan, ita kuma bayanta ba zai iya zaman ƙasa ba.

Litinin, da yamma

Na kira mai gashin ƙashi, ta ce kada mu ɗora buri da yawa, amma za ta zo Laraba. Aiki yana nan yadda yake. Bayana yana ciwo, ƙafafuna sun kumbura, ban san yadda watan gobe zai kasance ba.

Kwamfutar ta wuni a kunne. Yaya ta ce tun safe yake ba ta umarni, har ta fara tunanin cire wayar daga soket.

Yanzu ina rubuta wannan a ƙasa, littafin a kan gwiwarsa. Ya buga tebur, na miƙa wuya. Wai shayin ba sukari.

Na ce na ji. Ban tashi ba.